Lamba Tara a Gidan Inna

Meziko, Fabrairu 1999

Zuwa ga ƙanwata Husaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam Hammadu da yara, da Inna da duk mutanen gidanmu na Dala.

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da Kano. Na fito da ƙafar cin ƙwallo, yau ga ni ina wanke rigunan masu ci. Kin san abin da ya sami gwiwata. Kulob ɗin dai sun yi min halacci, ba su kore ni ba, sun damƙa min makullin ɗakin kaya.

Akwai wani yaro a nan, Nemesio Galaviz, ɗan masunta ne daga bakin teku, yana ɗan taɓa Turanci. Shi aka ba riga mai lamba tara da na tuɓe. Shekara guda na yi ba na amsa gaisuwarsa. Amma ba zan yi masa ƙarya ba, ya fi ni. Ni sai na ga gola nake bugawa, shi kuwa tun ƙwallo ba ta iso ba ya san inda za ta faɗa. Buga ta da ka ne kawai bai iya ba, shi ma da na huce na koya masa. Ƙwallo goma sha bakwai ya ci bara, shi ya ɗauko mu daga rukuni na biyu ya kai na ɗaya. Yanzu an kira shi tawagar matasan ƙasarsu, za su zo Nijeriya, har da wasan sada zumunta da 'yan Kano a Kano.

Ga dalilin wasiƙar. Kulob na so in sa hannu a kan aikin shekara biyar, su kuma nema min zama ɗan ƙasa. In na sa, ni da gida sai labari. Suna jiran amsa kafin a buɗe kakar wasa a Yuli. Ranar da zan taho, Inna ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba, tankaɗenta ta ci gaba da yi. Ke ma kullum sai ki rubuto Inna tana lafiya, ba ki taɓa rubuto Inna ta ce ba. Don haka zan aiko Nemesio da hotona, ya miƙa mata da hannunsa, ya dubi fuskarta, ya dawo ya gaya min. In ina da sauran wuri a gidan nan, zan dawo. In babu, in sa hannu.

Ki gaida kowa. Yayanki,
Ashafa

Ƙofar Na'isa, Maris 1999

Yaya Ashafa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Malam yana gaishe ka, yara suna tambayar yaushe za su ga kawun da ake ba su labari.

Yaya, ka tayar mana da unguwa. Ni mutum ɗaya na gaya wa, kafin la'asar har masu kiɗi a Ƙofar Ruwa sun ji cewa lamba taran Meziko zai shiga gidanmu. Sunan ya gagari bakin kowa, samarin Dala sun mayar da shi Na-Mashi, har wani ya rubuta a bayan kekensa. Gardama ake a kowane dakali: in an fara wasan, Kano za a goya wa baya ko baƙon gidan su Ashafa? Baffa ya yanke hukunci cewa a ci su ukku, Na-Mashi ya rama ɗaya, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Garin ma kansa ya canja. An gama zaɓe, an ce ƙarshen Mayu soja za su koma bariki. Ana ta shafa wa filin wasa fenti, mutane suna zagin gwamnati da ƙarfi a cikin bas ba mai waiwaye. Kai da ka bar mu a hannun soja, da ka gani da ka yi dariya.

Malam Hammadu ne zai yi tafinta. Ya zaro tsohon littafinsa na Turanci yana bita, ni ce nake shan wahalar sauraro.

Na gaya wa Inna za a yi baƙo daga can. Ta ce to. Can kuma ta tambaye ni ko mutanen can suna cin yaji. Ni dai ban gane abin da kake so baƙo ya karanto maka a fuskar Inna ba, amma tunda ka ce, Allah ya kawo shi lafiya.

Ƙanwarka,
Husaina

Meziko, Mayu 1999

Husaina,

Assalamu alaikum. Ina gaida ku duka.

Nemesio ya dawo. Na san kun ga biyun da ya ci a Kano, ya ƙara ukku a sauran wasanninsu. Tun bai sauka daga jirgi ba wani babban kulob na babban birni ya saye shi, jaridu kuma suna cewa a saka shi a babbar tawagar ƙasa. Ya cancanta. A ɗakin kaya na saurari wasannin, ni da nake cewa na daina murna da ƙwallo, sai ga ni ina dukan kwandon wanki.

Ya zo ya same ni yana ta kauce wa idona. Sai da na matsa masa ya faɗa. Ya ce ya yi sallama yadda na koya masa, ya durƙusa, ya tambaye ta da Hausar da na sa ya haddace ko ita ce uwar Ashafa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, aka fassara masa cewa ba ta san ni ba. Ya miƙa hoton, ta ƙi karɓa. Ya sake faɗin sunana, sai ta miƙe, ta yi wata magana a kan gyaran ƙasan ɗaki, ta shige. Yaron har da hawayensa. Tasa uwar a tsakiyar fili take rungume shi tana kiran sunansa duniya na ji. Ya ce in ina so mu raba tasa.

Na san ni ɗan fari ne, na san alkunyar gidanmu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Amma shekara goma sha ɗaya, Husaina. A kawo mata hoto daga bangon duniya, ta kama zancen ƙasan ɗaki? Ban ga laifinta ba, ni na tafi. Zan sa hannu.

Allah ya bar zumunci. Yayanki,
Ashafa

Ƙofar Na'isa, Yuni 1999

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwar ka karɓe ta a taƙaice, don aiken gaggawa zan ba wannan. Kar ka sa hannu a komai sai ka kai ƙarshe.

Wai Yaya wane irin wanki kake yi da ya wanke maka har hankali? Bari in gaya maka yadda tsakar gidan yake ranar. Baffa na zaune. Ƙannen Baba biyu na zaune. Matan unguwa sun cika har bakin rijiya, yara a kan katanga suna ta Na-Mashi, Na-Mashi. A gaban wannan taron baƙonka ya durƙusa ya ɗaga murya ya kira sunanka a fuskar Inna, kuma ya maimaita. Har Baffa sai da ya sunkuyar da kai. Me kake so ta ce? Ta ce e, ni ce, miƙo in sumbata? Matar da ko wuyan rigarka ba ta gyara maka a gaban mutane?

Ban san shi ba ɗin da ta ce, shi ne abin da take cewa tun kana goye. Da ta cire ka daga ranta, da ta faɗi sunanka tsaf kamar na kowa.

Maganar ɗakin kuwa, Malam ne ya kashe ta da Turancinsa, ya riga ya sha faɗa a wurina. Ga abin da Inna ta ce, da kunnena na ji: “A gaya wa wanda ya aiko shi, an kwashe buhunan geron da ke ɗakin zaure, an yi masa sabon daɓe.”

Ɗakin zaure, Yaya. Wa yake kwana a ciki kafin gero?

Hoton a kan tabarma aka bar shi. Da taro ya watse na neme shi na rasa. Bayan kwana biyu ta aike ni ɗauko mata turare, na gan shi a cikin adakarta, a naɗe cikin zanenta na Idi. Na rufe, na kai mata turarenta.

Ranar wasan kuwa gari ya kusa tsagewa. Maza duk sun tafi fili, mu muna gidan Dala da rediyo. Na farkon da ƙafa ya ci, unguwa ta yi tsit. Na biyun mai sharhi ya ce yaron ya tashi sama kamar an jefa shi, ya sa mata kai. Wallahi har 'yan Kano sai da suka tafa, muna jiyowa. Na ce da ƙarfi, ai an ce mutumin can ne ya koya masa wannan. Inna ta ce in rage surutu. Sai ta miƙa hannu ta ƙara muryar rediyon.

An rantsar da farar hula, soja sun tafi. Saura kai.

Ƙanwarka,
Husaina

Meziko, Yuli 1999

Husaina,

Wa'alaikumus salam. Ban sa hannu ba. Ni na koya wa yaron tambayar da ba a yi, laifin nawa ne. Na buga masa waya na yi masa bayani, ya ce mu mutanen Kano sai Allah. An kira shi babbar tawaga, zai buga wasansa na farko ina kan hanya.

Kar ki ce wa Inna komai da sunana. Ki ce baƙo na tafe ƙarshen wata.

Kuma ki ja kunnen 'yan unguwa kada su zaci da dukiya zan sauka. Abin da na iya tarawa shi ne kuɗin jirgi zuwa Legas, kuɗin mota zuwa Kano, akwati ɗaya, agogo na Malam, da bargo ɗaya mai nauyi na Inna. Iyakarsa ke nan.

Sai na iso. Yayanki,
Ashafa