Kwalbatin da Ya Kusa Hana Inna Ganin Ƙanenta

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke Kula da Hanyoyin Karkara na Yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ni malamar firamare ce a Yauri. Bayan ƙaramar Sallah, ni da maigidana da yaranmu muka ɗauki mahaifiyata, Inna, a mota zuwa wurin ƙanenta, Kawu Garba, masunci a wani ƙauyen bakin ruwa gaba da Warra. Shi idanunsa sun mutu, ita kuma gwiwa ta hana ta tafiya, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tun daga gida take rungume da kwanon dambun da ta yi masa, tana ba jikoki labarin yadda ya koya mata tuƙa kwalekwale a ɓoye.

Ranka ya daɗe, ga kukana.

Na ɗaya, kwalbatin da ke kan hanyar ƙauyen ya rufta tun daminar bara. Nan motarmu ta tsaya, muna hango ruwa yana ƙyalli, ba halin ƙarasawa. Inna ta ɗora kwanon a cinya tana share hawaye da gefen mayafi.

Na biyu, da ba don wani manomi Bakambare da matarsa da suke dawowa daga coci ba, da juyawa za mu yi. Mutumin ya je ya ɗauro amalanke, matarsa ta shimfiɗa zanenta, suka ɗora Inna. Su ne suka shaida mana cewa haka ake fitar da masu naƙuda.

Da muka isa, Inna na yin sallama Kawu ya miƙe yana laluben iska, ya ce, “Yaya, ashe za ki zo?” Suka zauna gindin mangwaro riƙe da hannun juna har kifi ya gasu, yara na wasa a bakin ruwa.

Roƙona shi ne a gyara kwalbatin nan kafin ruwa ya sauka. Inna ta fara tambayata yaushe za mu koma, ga shi kuwa ita da Kawu duk sun tsufa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ja kwanan iyayenka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Hajara, Yauri