Na Ƙaga wa Kakana Ciwon Ƙarya, Ga Shi Zai Raba Shi da Kujerarsa

Anti Asta, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a biyu masu zuwa, don wasan da na fara ya fi ƙarfina. Sunayen da zan faɗa na canza su, ko da yake a unguwarmu ta Akébé ko tari mutum ya yi sai an gane gidansu.

Kakana na wajen uwa, bari mu ce Alhaji Abdulƙahar, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu a nan Libreville, shekara tara ke nan. Al'adarmu a nan, duk mai ƙara sai ya fara gayyatar shugaba cin abinci a gidansa. Wanda aka kai ƙara shi ma ya gayyata. In ya ci na wannan ya bar na wancan, a ce ya ɗauki ɓangare. To Alhaji mutum ne adali, Anti, bai taɓa zaluntar kwanon kowa ba. Ya ci shinkafa da man ja a gidan mai ƙara, ya ci soyayyar ayaba da kaza a gidan wanda ake ƙara, a hanya kuma ya tsaya wajen mai gasa nama don kada shi ma ya ga an ware shi.

Bayan La'asar sai a zauna taro. Ana buɗewa da addu'a, kafin a shafa Alhaji ya yi nisa a barci. Carbi na zamewa, kai na gyaɗawa. Mai magana ya ga ana gyaɗa masa kai, ya ɗauka an ba shi gaskiya. Abokin faɗansa ya tashi, shi ma a gyaɗa masa. Da haka rigimar wurin sauke kaya tsakanin mutanenmu na Najeriya da 'yan Kamaru ta shekara biyu, kowane ɓangare na rantsuwa shugaba na bayansa.

Ni da shi akwai wasan jika da kaka, kuma ba ma raga wa juna. Wata uku da suka wuce, a wajen wani suna, ya miƙo hannu ya ɗauke cinyar kazar da ke gabana, wai haƙorana ba su yi ƙwarin da za su ci ta ba. Na ce sai na rama. Na zagaya wajen mata, na marairaice fuska, na ce likita ya ce in Alhaji ya ƙara cokali ɗaya na mai ko sukari, sai dai addu'a, amma kada kowa ya yi masa zancen, ba ya so a sani. Mata huɗu kacal na gaya wa. Kafin Magariba labari ya kai har Owendo, can tashar jiragen ruwa a bayan gari. Na ƙara da Farouk, mai taksin da ke ɗaukarsa kullum, na ce likita ya wajabta masa tafiyar ƙasa. Tun ranar motar Farouk ba ta ƙara lafiya a ƙofar gidanmu ba, kullum sai ya ce wa Alhaji ta lalace.

Anti, da kin ga fuskar tsohon nan. Duk gidan da ya shiga, dafaffen kifi da ganyen rogo, sai ruwa. Ya dawo yana faɗa wai rowa ta shigo Hausawan Gabon. Ni kuwa in koma bayan shago in yi dariya har cikina ya ƙulle.

Sai abin ya juye mini. Mutumin da hawa matakala uku ke sa shi haki, yau yana tafiya masallaci da kasuwa a ƙasa, har yana cewa in ɗaga ƙafa. Tumbin ya sauka, babbar riga ta dawo babba da gaske. A taro kuwa idonsa biyu! Mutane har sun rikice, don sun saba faɗin abin da suka ga dama. Ya kama wani da ƙarya a kan maganar da ya yi makon da ya wuce. Rigimar shekara biyun nan ya je wurin da ƙafarsa, ya auna da igiya, ya raba musu kwanaki, a zama uku ta mutu.

Ga inda matsalar take. Ƙaryata ta yi girma a hanya. Ramar da ya yi ta zama hujja. Yanzu wasu na cewa ƙoda ce, wasu zuciya, wata ma ta ce an ba shi wata shida. Zaɓen ƙungiya saura Juma'a biyu. Alhaji Aliou, wanda ya daɗe yana hangen kujerar, ya zama mafi tausayin bayin Allah. Kullum yana gidanmu dubiya da lemo a leda, yana kallon Alhaji kamar mai bankwana. Daga nan ya bi shaguna yana share ido, wai rashin imani ne a bar mara lafiya da wahalar jama'a, a bar dattijo ya huta. Kuma ana saurarensa. Shi Alhaji bai san komai ba, cewa yake Aliou ya shiryu.

Jiya kuma na tarar da kakata, Hajiya Ƙulu, tana kuka a kicin. Ashe wata biyu tana azumin Litinin da Alhamis don ciwon da ni na ƙaga.

Ban yi lakwal ba, wato boko, allo na yi, kuma malaminmu ya zane ni a kan ƙarya har ban san iyaka ba, na san hukuncinta. Amma in na tona, gobe man ja zai dawo, Alhaji ya koma shari'a cikin barci. In na yi shiru, ya rasa kujerar a daidai lokacin da ya fara cancantar ta. Yaya zan yi?

Jikan Shugaba, Akébé

*

Wa alaikumus salam, likitan Akébé. Sannu da aiki, ka duba mara lafiya, ka rubuta magani, ka sanar da gari, duk ba tare da shi ya sani ba.

Zan ba ka gaskiyarka tukuna. Abin da ka gani haka yake: cikin da aka cika sau uku ba ya barin kai ya saurari shari'a, kuma tafiyar ƙasa da abinci mara nauyi sun yi wa kakanka abin da shekara tara a kujera ba ta yi masa ba. Shi ma Alhaji Aliou, ko da hawayensa na neman ƙuri'a ne, jama'a na da haƙƙin tambayar lafiyar mai jagorantarsu. Sai dai kai ka ba su amsar ƙarya, kuma kyan sakamako bai wanke ta ba.

Ka fara da Hajiya, yau ba gobe ba. Ka durƙusa ka gaya mata, duk abin da ta yi maka ka haƙura, kai ka ci bashin. Sannan Alhaji, ku biyu kawai, ba da sigar wasa ba. Wasan jika yana da iyaka, ka wuce ta.

Na uku, ku kai shi wajen likita na gaske a cikin makon nan, a auna jini da sukari. Barcin rana da hakin da ka ba ni labari ba abin dariya ba ne ga dattijo, ramar wata uku ma tana son a duba. In lafiya lau ne, ya riƙe takardar. In an ga wani abu, gara ya ji daga bakin masani.

Tsoronka na dawowar man ja kuwa, maganinsa na hannun Alhaji. Ya tashi a gaban taro ya faɗi yadda lafiyarsa take, sannan ya kafa doka: daga yau shugaba ba ya cin abinci a gidan mai ƙara ko wanda ake ƙara, ruwa kawai. Tunda kowa aka hana, babu mai cewa an ware shi. Ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa da zaɓin kansa, a bar motar Farouk ta warke. Mutumin da ya kashe rigimar shekara biyu yana da abin nuna wa masu zaɓe. In duk da haka suka zaɓi Aliou, haƙƙinsu ne, amma su zaɓa a kan gaskiya.

Kai kuma ga naka motsa jikin: ranar zaɓe ka zauna a sahun baya, ka rufe bakinka har a tashi. Na san zai fi maka hawan dutse wuya. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya huci zuciyar Hajiya, kai kuma ya shirya mana kai.

Anti Asta