Inna, Ruwa Zai Bi Ta Ɗakinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya mana, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Hajara, autarki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma maganar ta fi ƙarfin cikina, ga Yaya Sani ya daina amsa gaisuwata.

Kin tuna kududdufin bayan gidanmu, inda aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar nan? Muna yara mun tsane shi, ga sauro ga kukan kwaɗi. Da wani ya zo zuba shara sai ki fito da muciya a hannu, kina cewa, "Ku bar ramin nan, shi yake shanye mana ruwan damina." Har tsiya muke miki, wai kin fi son kwaɗi da 'ya'yanki.

Bayan rasuwarki aka raba gado. Ramin ya faɗa rabon Yaya, ni kuma na sami ɗakinki. Bai yi wata-wata ba ya sa aka cike ramin, ya jera shaguna a kai. Ba shi kaɗai ba ne, Inna, da yawa a Daura haka suka yi.

Ita kuwa damina ta canza hali. Sai a yi ta roƙon ruwa gero yana ƙonewa, sannan ya sauko gaba ɗaya a yini guda. Bara ya zo inda ya saba taruwa, ya tarar da siminti, sai ya juya gidan Goggo Abu, aminiyarki. Da la'asar katangarta ta faɗi, jikarta tana gindin. An ciro yarinyar da rai, amma har yau da ɗingishi take tafiya. Ni na riƙe ta mai ɗori yana aikinsa.

Bana mai unguwa ya tara dattawa da liman da mutanen ƙaramar hukuma, aka kafa doka: kada a ƙara cike kududdufi, inda aka riga aka cike kuma a yi gayya a haƙa wa ruwa hanya zuwa babbar kwata. Hakimi ya amince. Har guɗa na rangaɗa. Sai da masu awo suka zo murnata ta koma ciki, don hanyar biyu ce kacal, ko ta shagon Yaya na ƙarshe, ko ta ɗakinki.

Yaya ya rantse ba mai taɓa masa bulo ɗaya, kotu zai tafi. Kin san halinsa, kin kuma san kafin alƙali ya yanke hukunci an yi girbi. Ga shi kullum da yamma gabas sai ta yi baƙi ƙirin. Goggo Abu takan fito ta dafa sabuwar katangarta ta laka, ta dubi sama, ta dube ni.

Inna, ban taɓa kawar da ko tsinke a ɗakin nan ba. Gadonki yana nan, jerenki yana nan, carbinki yana rataye a ƙusa. Nan nake shiga in rufo ƙofa in duniya ta yi mini zafi. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushin Yaya sosai. Shi ya toshe, ni ce da asara.

Ɗazu na aika wa mai unguwa, na ce su zo gobe da diga da shebur. Ina kwashe kayan ɗakin, sai na ci karo da muciyar nan a bayan ƙofa. Na zauna daɓas na yi kuka. Da kina nan, na san ke za ki fara kai wa ɗakin sara.

Ki yafe mini ɗakin, Inna. Allah ya riƙe hadarin nan har a gama haƙa. Allah ya sassauta zuciyar Yaya, ya tsare katangar Goggo Abu. Allah ya jiƙanki, ya ba ki ɗakin da ba mai rushe shi, amin.

Taki har kullum,
Hajara, wadda ta gaji muciyarki.