Jirgin da Aka Shanya

Daren Alhamis, tsakiyar damina, Urafane

Barci ya ƙi zuwa. Sai juya gizagona nake yi a hannu, wanda na zo da shi daga Gaya ta bakin kogi, inda na koyi gyaran jirgin ruwa.

Tun da ruwa ya yanke mana hanya nake haɗa kwalekwalen nan. Jiya na cusa tsumma a tsagogin katakon da guduma, na bi da kwalta, na tura shi tabki ya kwana cike da ruwa. Sabon jirgi sai katakonsa ya sha ya kumbura yake daina yoyo.

Yau na dawo daga gona na tarar Yaya Isufu ya jawo shi tudu ya kife a rana. Tsagogin duk sun buɗe.

"Habu, na ga ya jiƙe, na shanya maka," in ji shi, yana jiran godiya.

Raina ya ɓaci, amma mu nan duk abin da ya jiƙe shanya shi muke yi. Na ce masa sannu da aiki.

Da asuba zan sake ɗaukar guduma. Matarsa ce ke da tsohon ciki, gidan likita kuwa yana ƙetaren ruwan.