Igiyar da Baba Ya Ɗaura

Khartoum, 20 ga Yuni, 1999

Yaya Yahuza,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ya Inna da ciwon ƙafarta? An yi shuka a Kausani? Ni lafiya lau, karatu na tafiya. Sandata ce dai har yau ba ta gama sanin titunan garin nan ba, amma kada a gaya wa Inna.

Wasiƙar ƙanwarmu Sakina ta iso, abokina ya karanta min. Ta ce an ba ƙanin sabon kansila limancin masallacin Baba, kuma kai ka miƙe gaban dattawa ka ce makaho ba zai ja salla ba, don ba ya ganin najasa a rigarsa. Sau uku na sa ya maimaita wurin.

Yaya, shekara shida ina jan ku salla lokacin jinyar Baba, kana bayana. Wacce ka taɓa ramawa? Ranar da na yi kukan rashin ido, kai ka ba ni labarin Ibn Ummi Maktum, makahon da Annabi (SAW) ya bar wa limancin Madina.

Sakina ta ce har igiyar da Baba ya ɗaura min daga zaure zuwa masallaci kun kwance, don motar kansila ta samu hanya. Ka ba wa Inna igiyar ta yi shanya. Taku arba'in da ɗaya ne, na haddace. In na dawo, kusa da kai zan tsaya a sahu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Abdulbaƙi