Ƙarfe na Biyu

Zuwa ga Yaya Sani a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwar goro? Mu nan Matameye lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Na koma koyarwa a lakwal bayan sanƙarau ɗin da na yi. Ran Talata darekta ya ba ni ƙarafa biyu na darasin sauti daga Damagaram, kowanne mai yatsu biyu. Muryarsu ɗaya ce, in ka bugi ɗaya sai ɗayan ya amsa ba wanda ya taɓa shi.

Na bugi na farko a aji, na kama shi ya yi shiru. Yara suka zabura suna kirana: "Mushe, ga ɗayan yana ƙara!" Ni ban ji komai ba, Yaya. Na gyaɗa kai, na rubuta musu bayani a allo. Da suka tashi na sake gwadawa ni kaɗai. Sai da na ɗora yatsana a kan na biyun na ji yana rawa. Ashe sanƙarau ya taɓa mini kunne.

Ko tsoro ban ji ba. Na koma gida na ci tuwo. In darekta ya gane, ban sani ba ko zai bar ni a aji.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida. In ka zo salla ka riƙa ɗaga murya, kada ka tambaye ni dalili a gaban Inna.

Ƙaninka,
Habu