Wuƙar Inna da Ruwan Bangi

Zuwa ga Yaya Rabi a Damagaram,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Yaya, wuƙar Inna ta ba ni tsoro. Ranar sunan ɗana, ƙanwar maigidana da ta zo daga Katsina ta yanka nama da ita, ta ɗauraye, ta soke a danga don ta bushe yadda ake yi a gida. Ba ta san iskar Bangi jiƙaƙƙiya ce ba. Bayan kwana uku na tsince ta jajawur da tsatsa.

Ban yi faɗa ba. Na dirje ta da toka da lemun tsami, na wasa a dutse, na goge tas, na shafa man gyaɗa, na naɗe a tsumma. Jiya da ita na yanka naman miya, ko dannawa ban yi ba.

Ranar rabon kayan Inna kin ce ba zan iya riƙe ta ba. To, kaifinta na nan yadda Inna ta bar shi.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Goggo, amma kada ta ji zancen tsatsar nan.

Ƙanwarki,
Hadiza